Tsarabar Mutumin Kano

Duk unguwar Hausawa da ke bayan tashar Rumuokoro babu wanda ya taɓa jin Alhaji Mijinyawa mai wake ya ambaci sunan ɗansa na fari. Ba faɗa suka yi ba, yaron kuma bai yi laifin komai ba. Alkunya ce irin ta mutanen da, wadda ke hana uba kiran sunan ɗan fari, ta hana shi wasa da shi, ta hana shi sakin fuska da shi a gaban jama'a. Wasu suna yin ta sama-sama, shi kuwa Alhaji da hannu bibbiyu ya riƙe ta. In zai yi zancen yaron sai ya ce "mutumin Kano", don tun da aka yaye shi aka kai shi Indabawa wajen kakarsa, can ya girma, can ya yi karatu. Sunansa Falalu. Gara in faɗa muku da kaina, don in kuka jira ubansa za ku daɗe.

Alhaji yana cikin samarin da suka dawo Fatakwal bayan yaƙin basasa. Ya tarar da rumfar mahaifinsa a hannun wani, bai tsaya jayayya ba, ya shimfiɗa buhu a bakin hanya ya fara awon wake. Lokacin harkar man fetur ta buɗe, gari ya cika da baƙi, baƙo kuwa dole ya ci. Kafin a jima sai ga shi da sito a ƙofar gida da rumfa a kasuwar Oil Mill. 'Ya'yan da aka haifa masa daga baya a gabansa suka tashi, suna hawa wuyansa, suna ja masa gemu, suna yi masa Turancin buroka yana dariya. Auta Haulatu kam ba a magana, ita ke cire masa hula ta sa a kanta. Falalu kaɗai bai san wannan uban ba.

Da ya gama karatun injiniya, farashin mai ya sake tashi, kamfanoni suna ɗibar ma'aikata. Wani kamfani mai gyaran injunan haƙar mai ya ɗauke shi, ya dawo Fatakwal gidan ubansa da jaka ɗaya kamar baƙo. Kullum da safe sai ya durƙusa ya ce, "Alhaji, ina kwana?" Alhaji ya amsa yana kallon carbinsa, "Lafiya lau. An tashi lafiya?" Hira ta ƙare ke nan sai gobe.

Ana nan kamfanin ya tura shi kwas Japan. Ya dawo tsakiyar damina da tsaraba, da kuma wata magana mai nauyi. An ba shi zaɓi: ko ya zauna a ofishinsu na Fatakwal, ko ya bi jirgin ruwansu zuwa wata ƙasa mai nisa a kan babban matsayi, aikin da ba a dawowa sai an yi shekaru. Ranar Litinin ta sama zai ba da amsa. Ya durƙusa ya shaida wa Alhaji, yana jiran abin da zai ce.

Alhaji ya ce, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri."

Wallahi ba abin da ke zuciyarsa ke nan ba. Ba ya son yaron nan ya tafi. Ya rasa shi yana jariri, ya same shi da gemu, yanzu kuma za a sake ɗauke shi. Amma ya ja carbi ya yi gum, wai shi ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Haulatu ce ta same shi a sito yana duba buhuna ko ƙwari sun shiga. Ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Baba, abeg, kalma ɗaya fa Yaya yake jira. Ka ce masa ya zauna, zai zauna. Shi ya gaya mini da bakinsa."

"Ke, tashi ki ba ni wuri. Namiji ne, ya san abin da ya dace da shi."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Baba."

"Au, yau ni kike yi wa karin magana? Wuce ki kawo mini ruwa."

Ta wuce, amma maganar ba ta wuce ba, ta zauna masa a ƙirji.

Da la'asar sakaliya aka buɗe tsaraba. Hajiya Zuwaira, uwar gidan, ta samu laima mai naɗewa, Haulatu ta samu agogo. Sannan Falalu ya fito ƙofar gida inda Alhaji ke zaune a kan benci, ya ajiye masa wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba, mai gilashi a fuska da maɓallai a ƙasa. Alhaji ya juya shi yana neman wajen jan eriya.

"Rediyo ce?"

"A'a, Alhaji, gem ne, na'urar wasa. Sabo ne fil, makon da zan taho aka fito da shi, sai da na bi layi tun sassafe. Biyu na sayo. Ga nawa, wannan naka ne."

Alhaji ya so ya ce me dattijo zai yi da kayan wasan yara. Sai aka kece da ruwa irin na Fatakwal, wanda ba ya sallama, suka maƙale a ƙarƙashin rumfar kwano, babu mai wucewa balle ya gani. Falalu ya cusa wani ɗan kaset a bayan kowane akwati, ya ɗauko wata baƙar waya ya haɗa su. Wayar ba ta fi kamu biyu ba. Dole ya matso, gwiwarsa ta taɓa ta ubansa. Tun da aka haife shi ba su taɓa zama kusa haka ba, kuma su duka biyun sun san da haka, kowa ya sa ido a gilashinsa.

Wani ɗan kiɗa ya tashi, rubutun Japanawa ya cika gilashi.

"Me aka ce a nan?"

"Ni ma ban sani ba, Alhaji. Gaisuwa kawai na iya da rubuta sunana. Lalube za mu yi."

Wannan ya yi wa Alhaji daɗi, don yau dai injiniya da mai wake jahilcinsu ɗaya. Sai ga wani ɗan yaro mai tsinin gashi kwance a gado, uwarsa tana tashinsa, rana ta take. Alhaji ya yi tsaki.

"Ka ji malalaci. Ko asuba bai yi ba."

Yaron ya ɗauki takobi ya fita. Falalu ya ce wannan shi ne nasa, an nemi a raɗa masa suna, ya sa masa sunansa. Alhaji ya yi kamar bai ji ba. Na Alhaji kuwa wani tsoho ne mai sanda da farin gemu, yana bin yaron a baya. Aikinsa shi ne in an ji wa yaron ciwo ya ɗaga sanda ya warkar da shi.

Ba su yi nisa ba Alhaji ya fara ganin abin da ya fi ƙarfinsa. Yaron ya faɗa gidan mutane kai tsaye, matar gida tana tsaye tana kallo, ya buɗe mata akwati, ya leƙa tukunya, ya fasa tulu, ya kwashe abin da ke ciki ya fita.

"Innalillahi! Babu sallama? Wannan ai ɓarawo ne da rana tsaka! Kuma matar ba ta yi ihu ba?"

"Haka ake yi, Alhaji. Duk abin da aka samu a tulu na mai wasa ne."

"To, Allah ya raba mu da garin da ake haka."

Falalu ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki. Alhaji bai taɓa jin dariyarsa ba sai ran nan. Ashe irin ta marigayi mahaifin Alhaji ce, mai ɗan shaƙewa a ƙarshe. Ya saci kallonsa ya mayar da ido da sauri.

Suka fita daji, dodanni suka tare su. Nan ma wani abin mamakin: dodannin suka jera, su ma suka jera, kowa ya jira a zo kansa kafin ya kai duka. Alhaji ya ce lallai Japanawa sun kai, har faɗa da layi suke yi, da a Oil Mill ne da tuni an yi wa tsohon nan rubdugu. Akwai kuma wani mutum a bakin rijiya, duk sanda aka yi masa magana abu ɗaya yake maimaitawa. Alhaji ya ce wannan Gimba ne. Gimba maƙwabcinsa ne mai sayar da albasa, Bazazzagi, abokin wasansa tun zamanin da suke kwana a rumfa ɗaya, mutumin da in ya samu labari sai ya tatse shi tas.

Washegari Alhaji da kansa ya sa aka share benci tun kafin la'asar. Yatsansa mai kauri yana danna maɓalli biyu a lokaci ɗaya, tsohon ya yi ta karo da bango, amma a hankali ya gane. Abin da ya fi gane shi ne, ta bakin yaron cikin gilashi yana iya faɗin abin da ba ya iya faɗa wa na kusa da shi.

"Wannan ɗan tsurut ɗin, ina zai je ne haka? Ga uwarsa, ga gidansu."

Falalu bai ɗago ba, ya ce, "Wataƙila babu wanda ya ce masa ya zauna."

Alhaji ya yi gyaran murya. Ƙofa ce aka buɗe masa har bango, ya ga ƙofar sarai, ya ƙi shiga. Ya ce, "Kai, ga wani dodon can."

Ranar Alhamis suka shiga wani kogo, suka haɗu da wani ƙaton abu mai kai uku. Ya maka wa yaron duka, ɗan layin da ke nuna sauran ransa ya koma ja, saura ƙiris. Falalu ya sake kutsawa zai kai sara. Alhaji ya manta inda yake, ya manta ko shi wane ne, ya daka tsawa.

"Falalu, ja da baya! Falalu! Bari in warkar da kai tukuna!"

Magana zarar bunu. Falalu ya ja yaron baya, tsohon ya ɗaga sanda, layi ya cika. Idon Falalu ya kawo ruwa. Suka kashe dodon. A bayansa sai ga wata babbar ƙofa da dutse biyu a gabanta, ɗaya a dama ɗaya a hagu.

Falalu ya ce, "A kantin da na saya sun nuna mini wannan a hoto. Sai kowa ya taka dutse ɗaya a lokaci guda take buɗewa. Mutum ɗaya ba ya iya buɗe ta, shi ya sa na sayo biyu."

Sai aka kira magariba, ga batir ɗin Alhaji yana ƙyafta jar wuta. Suka ajiye a kan gobe Juma'a bayan la'asar. Alhaji ya tafi alwala zuciyarsa fari ƙal. Ya ma yanke a ransa cewa gobe, da ƙofar nan ta buɗe, zai faɗi kalmar. Abin da bai lura ba shi ne Gimba yana tsaye a jikin sito tun ɗazu, ya zo aron ma'auni.

Da safe a teburin mai shayi, majalisa ta cika, Gimba ya bari sai da Alhaji ya kai kofi baki.

"Jama'a, jiya na ga abin da ya fi tashin kiyama. Bakano da furfura, ya haɗa kai da ɗan fari suna wasan 'yar tsana. Kuma ku ji, har da kiran suna! Falalu, ja da baya! Falalu!" Ya maƙale murya yana kwaikwayo.

Wuri ya kaure da dariya. Wani ya ce ashe Alhaji ya san sunan. Wani ya ce zamani ya zo, saura a gan su suna tsallen igiya. Babu mai mugun nufi a cikinsu, wasa ne irin na kullum, da Alhaji ya rama da zancen rowar Zazzagawa da an wuce wurin. Amma an taɓa shi inda ba a taɓa taɓawa ba. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, kunnuwansa suka yi zafi.

To, a nan ne ya yi abin da har yau in na tuna nake jin haushi. Jikokin Gimba biyu, Mero da ƙanwarta Safiyatu, suka zo karɓar burodi. Alhaji ya sa hannu a aljihu ya ciro akwatin, don da shi ya kwana, da shi ya fito.

"Ke Mero, zo ki karɓa. Tsaraba ce mutumin Kano ya kawo, ita kuwa tsaraba rabawa ake yi, ba a cinye ta a gida ɗaya. Dama gwada wa yara nake yi in ga ko tana aiki."

Majalisa ta ce madalla, Alhaji ya kyauta, haka maƙwabtaka take. Har Gimba ya yi godiya, yana ɗan sosa ƙeya. Mero ta ruga da gudu. Alhaji ya shanye shayinsa, bai ji ɗanɗanon komai ba. Ya ce a ransa ai ba komai, maganar ba sai da akwati ba, zai faɗe ta haka nan.

Bayan la'asar Falalu ya sauka daga okada tun kafin ta gama tsayawa, da sababbin batura a leda. Ya zauna a benci, ya sa wayar a nasa akwatin, ya ajiye ɗaya bakin a wurin da Alhaji ke zama. Alhaji ya fito daga sito yana kakkaɓe riga, ya tsaya. Kafin wani ya yi magana sai ga Mero ta ɓullo ta lungu, kanta a sunkuye a kan gilashi, Safiyatu tana bin ta tana kukan a ba ta ita ma ta taɓa. Falalu ya dubi yarinyar, ya dubi abin da ke hannunta, sannan ya dubi ubansa.

Alhaji ya ce da bango, "An ba yara. Ai dama kayan yara ne."

Da Falalu ya yi fushi da ya fi sauƙi. Bai yi ba. Sai ya ce, "Haka ne, Alhaji."

Ya kira yaran. Ya canza wa Mero batir, ya miƙa wa Safiyatu nasa akwatin, ya haɗa musu wayar da hannunsa.

"Ku zauna kusa da juna, wayar gajeriya ce. Ke ki taka wannan dutsen, ke kuma wancan. Kada ku yi faɗa, in ɗaya ta tashi wasa ya tsaya."

Ya miƙe ya shiga gida. Haulatu tana tsaye a zaure ta ga komai. Ta kalli ubanta, ta juya.

Asabar ta zo ta wuce, Lahadi ma haka. Alhaji ya yi ta kaiwa da komowa a tsakar gida, ya isa ƙofar ɗakin Falalu ya tsaya, ya gyara takalman da ke bakin ƙofa ya dawo. Ashe ba tare da tsohon nan mai sanda ba, bakinsa ba ya buɗewa. Ranar Litinin Falalu ya ba kamfani amsa. Da ranar tafiya ta zo, motar kamfani ta tsaya a bakin titi, ya durƙusa kamar kullum.

"Alhaji, zan tafi."

"To. Allah ya tsare hanya."

Shi ke nan. Motar ta shiga cunkoson Rumuokoro, ta daɗe a tsaye ana hango ta, da Alhaji ya taka da ƙafa ma da ya cim mata. Ya tsaya riƙe da carbi har ta ɓace.

Yanzu bencin ya zama na su Mero, don nan ne ruwa ba ya dukansu. Kullum bayan makarantar allo sai su zo su haɗa kai, yaran unguwa su kewaye su. Yaron cikin gilashi kuwa har yau sunansa na nan, don Falalu ya gaya musu. Sai ka ji ana ta ihu da Hausa da buroka, "Falalu, gudu!" "Falalu don die o!" "Ki warkar da Falalu mana!" Sunan da Alhaji ya ɓoye shekara da shekaru, yanzu a ƙofar sitonsa ake kiran sa tun la'asar har magariba, shi kaɗai ne ba ya cikin masu faɗa. Gimba ya zo ya ce a karɓo masa akwatin in yana so. Alhaji ya ce a bar wa yara, kyauta ba ta komawa, kuma ko an karɓo da wa zai yi.

Wata ranar Laraba ya dawo daga Oil Mill a gajiye, ya tarar da Mero ita kaɗai tana jiran ƙanwarta. Ya zauna a ƙarshen benci, ya daɗe yana cire takalmi.

"Mero, wannan ƙofar mai duwatsu biyu, kun buɗe ta?"

"Tuntuni ma, Baba Alhaji. Tun ranar."

"Me ke bayanta? Dodo ne?"

Ta taɓe baki. "Ba komai fa. Wani ɗan ɗaki ne da wuta a murhu. Tsohon da Falalu suka zauna, suka yi ta magana, suka yi ta magana. Rubutu kawai, ba faɗa."

"Me suka ce?"

"Wa ya sani? Ya yi yawa, mun danna mun wuce."

"Ana iya komawa?"

"A'a, ta rufe. Sau ɗaya take buɗewa."

Alhaji ya gyaɗa kai. Safiyatu ta iso da gudu, ta ce ya ɗan matsa, wayar ba ta kaiwa. Ya ɗauki takalmansa ya ba su wuri.